Takardun Oliver Wendell Holmes: abin da lauya ya ajiye da abin da ya ƙona

A ɗakin karatu na makarantar koyon aikin lauya ta Jami'ar Harvard akwai wata 'yar guntuwar takarda da ta haura shekara 160. Abin da ke jikinta kaɗan ne: ni ne Kyaftin O. W. Holmes na runduna ta 20 ta jihar Massachusetts, ɗan Likita Oliver Wendell Holmes na Boston. Wanda ya rubuta ta saurayi ne ɗan shekara 21, yana kwance a wani ɗan gida a filin daga na Antietam, a yaƙin basasar Amurka, ranar 17 ga Satumba 1862, harsashi ya shiga wuyansa ya fita. Daga baya ya ƙara bayani a jikin takardar, ya ce ya rubuta ta ne don yana tsoron kada ya suma ya kasa gaya wa kowa ko shi wane ne, kuma a lokacin gidan ya ɗan faɗa hannun abokan gaba. A wannan wuni ɗaya, waɗanda aka kashe da waɗanda aka jikkata da waɗanda suka ɓata a ɓangarorin biyu sun kai wajen 23,000.

Yaron bai mutu ba. Ya rayu har ya kusa cika 94, ya yi lauya a Boston, ya yi alƙali shekara kusan hamsin, kuma duk tsawon wannan lokaci takardar tana cikin kayansa. Mutumin da ya iya riƙe guntuwar takarda shekara saba'in da 'yan kai ba mai sakaci da takarda ba ne. Don haka idan aka duba tarin takardunsa aka ga wani abu babu, da wuya a ce ɓacewa ya yi. Wannan shi ne abin da ya ja hankalina ga lamarin nan.

Gidan da ya fito

An haifi Oliver Wendell Holmes ƙarami ranar 8 ga Maris 1841. Mahaifinsa likita ne, malami a Harvard, kuma marubuci da duk Amurka ta san sunansa. Gida ne na rubutu, inda wasiƙa da littafin ajiye abubuwan yau da kullum suke kamar abinci. Yaron ya gama Harvard a 1861, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin jihohin Arewa da na Kudu a kan bauta da ɓallewa. Yana cikin matasan da ke ƙin cinikin bayi da gaske, har ya taɓa shiga cikin masu tsaron Wendell Phillips, mai jawabin yaƙi da bauta, lokacin da 'yan tarzoma ke neman far masa. Da zuciya ɗaya ya shiga soja.

Sau uku aka harbe shi. Na farko a Ball's Bluff da ke Virginia ranar 21 ga Oktoba 1861, a ƙirji. Na biyu a Antietam, a wuya. Na uku kusa da Fredericksburg ranar 3 ga Mayu 1863, a dunduniya. Rundunarsu, wadda ake wa laƙabi da rundunar Harvard saboda yawan hafsoshinta da suka fito daga can, tana cikin waɗanda suka fi asarar rayuka a duk sojojin Arewa. A watan Yuli 1864 wa'adinsa na shekara uku ya cika, ya tuɓe kaki ya koma gida, yaƙin bai ƙare ba tukuna.

Sauran rayuwarsa a taƙaice: digirin lauya a 1866, izinin tsayawa gaban kotu a 1867, sannan shekaru yana aiki a Boston, galibi a shari'un kasuwanci da na jiragen ruwa, a ofishin da suka haɗa da George Shattuck. A 1881 ya fitar da littafinsa The Common Law, wanda ya ce a farkonsa rayuwar shari'a ba a kan lissafin hankali ta ginu ba, a kan abin da mutane suka gani suka ɗanɗana ta ginu. A ƙarshen 1882 ya zama alƙali a babbar kotun jiharsa, a 1902 Shugaba Theodore Roosevelt ya kai shi Kotun Ƙoli ta Amurka, ya zauna can har Janairu 1932. Ya rasu ranar 6 ga Maris 1935. Matarsa Fanny ta riga shi a 1929, ba su haihu ba.

Abin da aka tarar a gidan

Da masu kula da wasiyyarsa suka shiga kayansa a gidansa na Washington, sun tarar da kakin soja guda biyu a rataye, da 'yar takarda maƙale da su mai cewa shi ya sa su a yaƙin basasa, kuma tabon da ke jikinsu jininsa ne. An kuma samu harsasai biyu a naɗe cikin takarda, da rubutun cewa daga jikinsa aka ciro su. Ga wasiƙu dubbai. Ga wani kundi da ya daɗe yana rubuta sunan duk littafin da ya karanta, shekara bayan shekara. Ga wasiƙun da ya aika wa iyayensa daga fagen fama, da littafin ajiyarsa na 1864.

Littattafansa sun tafi Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Ragowar dukiyarsa, sama da dala 250,000, ya bar wa gwamnatin ƙasar ba tare da ya faɗi abin da za a yi da ita ba. Sai a 1955 majalisa ta kafa kwamitin da ya zuba kuɗin a rubuta tarihin Kotun Ƙoli. Takardun kuwa suna hannun wasiyyinsa, lauya John Gorham Palfrey, daga baya suka sauka a Harvard.

Sai dai wasiƙun yaƙin ba su cika ba. Mark DeWolfe Howe, wanda ya yi wa Holmes aikin sakatare a ƙarshen rayuwarsa, shi ya tattara su ya buga a 1946, kuma ya ga alamar cewa mai su ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cire waɗanda ba ya so a gani. Akwai watanni da babu ko layi guda. Littafin ajiyar ma an yage masa shafuka. Mafi yawan abin da iyayen suka rubuta masa bai tsira ba, ta yadda idan ana karanta gardamarsa da mahaifinsa, kamar mutum ne yake tsaye a bakin ƙofa yana jin murya ɗaya kawai daga cikin ɗaki.

Abin da ya bari ya tsira

A nan ne lamarin ya fi daɗin nazari, domin abin da ya rage ma bai yi kama da mutumin da jama'a suka sani ba.

Mu ɗauki Ball's Bluff. Kwana biyu bayan harbin ya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa irin ta ɗa mai kwantar wa uwa hankali: yana kwance, an ji masa rauni amma da sauƙi, kuma ya tabbata ya yi abin da ya wajaba a kansa. Amma akwai wasu shafuka dabam da ya rubuta wa kansa a kan wannan dare, kuma ya ƙi ƙona su. A ciki ya ba da labarin yadda aka tsallaka da shi zuwa wani tsibiri a kogin Potomac, jini na fita ta bakinsa, yana da 'yar kwalbar maganin kashe zafi mai ƙarfi a aljihu wadda ya yi niyyar shanyewa idan azabar ta fi ƙarfinsa. Ya ɗauka mutuwa ce ta zo. Ya tuna cewa a ganin yawancin mutanen zamaninsa, mai irin shakkunsa game da addini wuta zai shiga. Ya tambayi kansa ko ya janye, sai ya ga idan ya janye a wannan hali tsoro ne ya sa shi, ba gamsuwa ba. Ya ƙare da roƙon Allah ya gafarta masa idan kuskure yake yi. Ba sai mutum ya yarda da matsayinsa ba kafin ya ji nauyin wannan shafi. Yaro ne ɗan shekara 20 shi kaɗai da tsoronsa, kuma tsohon da ya zama daga baya ya ga ya kamata wannan ya kai ga na baya.

Sannan ga shakkarsa game da yaƙin kansa. A ƙarshen 1862 ya rubuta wa ƙanwarsa Amelia cewa shi kam ya kusa yanke hukuncin cewa Kudu ta riga ta samu 'yancinta. Ya rubuta wa mahaifinsa cewa bai yarda za a iya murƙushe su da bindiga ba, kuma wanda ke zaune a gida bai san abin da na filin daga ya sani ba. A watan Mayu 1864, yana aiki a ofishin Janar Horatio Wright, ya rubuta a littafinsa cewa a wani lungun daji a Spotsylvania ya ga gawarwakin ɓangarorin biyu jibge a cikin ramuka, biyar ko shida a kan juna. A farkon wannan wata aka kashe amininsa Henry Abbott. Bayan haka sai ga wasiƙun da yake gaya wa iyayensa cewa zai bar soja idan wannan zango na yaƙin ya ƙare. Ya ce wa mahaifiyarsa ya shiga abin nan yana yaro, yanzu ya zama babba, kuma shi zai yanke wa kansa inda wajibinsa ya tsaya. Daga yadda yake kare kansa, mai karatu zai gane cewa daga gida an nuna masa rashin jin daɗi. Me aka ce masa daidai? Wannan ɓangaren ne ba ya nan.

Yanzu a ajiye wannan kusa da jawabansa na bainar jama'a. A 1884, a ranar tunawa da sojojin da suka mutu, ya tsaya a garin Keene ya ce su 'yan zamaninsa sun yi sa'a, wuta ta taɓa zukatansu tun suna matasa. A 1895 a Harvard ya yabi imanin sojan da ke ba da ransa don biyayya ga umarnin da ya karɓa ido rufe, a kan manufar da bai gama fahimta ba. Waɗannan kalmomi su aka riƙa maimaitawa shekara da shekaru. Wanda ya faɗe su shi ne wanda ya rubuta cewa nauyin yaƙi ya sauka daga kansa tun kafin a gama yaƙin. Ban ɗauki wannan a matsayin munafunci ba. Mutum ne da ya fita da rai alhali abokansa sun mutu, yana neman ma'anar da zai rataya mutuwarsu a kai. Amma ba don wasiƙun ba, da rabin mutumin kawai za a sani.

Takardun sun kuma taimaka wajen auna labaran baka. Akwai wanda ya shahara ƙwarai, cewa a watan Yuli 1864, lokacin da sojojin Kudu suka matso Washington, Shugaba Lincoln ya leƙa ta saman ganuwar sansanin Fort Stevens, sai wani matashin hafsa ya daka masa tsawa ya ce sunkuya, wawa, kuma wai hafsan Holmes ne. Labarin ya yaɗu ne daga bakin abokan tsufansa, shekaru masu yawa bayan faruwar abin. Rubuce-rubucensa na waɗannan kwanaki ba su ɗauke da wannan tsawa, shi ya sa masana tarihi da dama ke ɗari-ɗari da shi.

Haka kuma labarin Antietam ya zo ta hanya biyu. Mahaifin, da ya samu talgiram cewa an harbi ɗansa a wuya, ya kama hanya yana nemansa asibiti bayan asibiti, har ya same shi a cikin jirgin ƙasa a Harrisburg. Ya dawo ya rubuta labarin tafiyar, mujallar Atlantic ta buga a Disamba 1862, duk ƙasa ta karanta. Wato tun yana 21, Holmes ya ga yadda wani ke ɗaukar rauninsa ya mayar da shi labarin jama'a, ko da kuwa uba ne kuma da ƙauna ya yi. A ganina a nan ya koyi son riƙe linzamin tarihinsa da hannunsa.

Wasiƙun da wuta ba ta kai gare su ba

Mutum yana da iko da akwatinsa, ba shi da iko da akwatin wanda ya aika wa wasiƙa. Holmes ya yi shekara sama da hamsin suna musayar wasiƙu da masanin shari'a na Ingila Frederick Pollock, daga 1874, da kuma masanin siyasa ɗan Ingila Harold Laski daga 1916 har mutuwarsa. An buga na farkon a 1941, na biyun a 1953. Waɗannan bai damu a gan su ba.

Na Clare Castletown dabam ne. Matar wani basarake ce a Doneraile, a ƙasar Ailan. Sun shaƙu ƙwarai daga 1896, lokacin da ya ziyarci can ba tare da matarsa ba, kuma ya riƙa rubuta mata wasiƙu masu zafin shauƙi. Nata ya lalata kusan duka, ya kuma nemi ta yi haka da nasa. Ba ta yi ba. Kwafinsu ya ƙare a Harvard, cikin tarin da ya yi ta tacewa. Ita kuwa Fanny, wadda ta zauna da shi shekara 57, kusan babu muryarta a cikin takardun. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa ita ma ta lalata kayanta, har da yawancin aikin surfanin da aka san ta da shi. A cikin tarin akwai takardun iyali, amma matar gidan ta fita daga ciki da ƙafarta.

Shekara hamsin a kulle

Bayan tankaɗen mai takardu sai na masu gadinsu. Wasiyyan sun yanke cewa ba za a buɗe wa kowa ba sai wanda aka zaɓa ya rubuta tarihinsa na hukuma. Felix Frankfurter, amininsa kuma malamin shari'a a Harvard, aka fara sa rai da shi, amma a 1939 aka naɗa shi alƙalin Kotun Ƙoli, aikin ya koma hannun Howe. Marubuciya Catherine Drinker Bowen ta nemi a ba ta dama aka hana ta, sai ta rubuta littafinta na 1944 da abin da ta samu a waje, ta cike giɓi da hirarrakin da ta zana da kanta. Littafin ya sayu sosai, kuma shi ya kafa hoton dattijo mai hikima da sanyin hali a zukatan Amurkawa.

Howe ya yi aiki na tsanaki. Juzu'i na farko ya fito a 1957, na biyu a 1963, ya rasu a 1967. Inda ya tsaya shi ne 1882, Holmes na da shekara 41, kafin aikinsa na alƙalanci ya fara. Aka miƙa wa Grant Gilmore, wani babban malamin shari'a. Ya daɗe a cikin takardun, bai fitar da tarihin ba har ya rasu a 1982. Abin da ya faɗa a wani ɗan littafinsa na 1977 ya girgiza mutane: ya ce Holmes na gaskiya mutum ne mai kaushi da tsanani da rashin tausayi, wanda bai taɓa sa ran alheri daga ɗan Adam ba. Sai a 1985 Harvard ta buɗe tarin ga kowa, shekara hamsin cif bayan mutuwarsa. Cikin 'yan shekaru cikakkun tarihohinsa suka fara fitowa, na Sheldon Novick a 1989, na G. Edward White a 1993. Yau kaso mai yawa na takardun yana intanet, har da hoton waccan guntuwar ta Antietam.

Ina ganin kullewar ta yi ɓarna. Niyyar kare mutuncin mamaci ce, kuma ba a raina wannan niyya. Amma tsawon rabin ƙarni lauyoyi da alƙalai suna kafa hujja da sunan mutumin da ƙalilan ne kawai aka yarda su san shi.

Takarda ɗaya daga wani gida

Akwai wasiƙun da Holmes bai ga dalilin ƙonawa ba, kuma su suka fi yi masa nauyi. Ranar 2 ga Mayu 1927 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Buck da Bell, alƙalai takwas suka amince, ɗaya ya ƙi. Holmes ya rubuta hukuncin. Ya halatta wa jihar Virginia ta yi wa wata matashiya, Carrie Buck, aikin juya mahaifa ba da yardarta ba, bisa zargin cewa ita da uwarta da jaririyarta duk masu raunin hankali ne. A ciki ya ce zuriya uku na dolaye sun isa haka. A cikin makonnin nan ya rubuta wa abokinsa Lewis Einstein cewa wannan hukunci ya faranta masa rai, ya kuma gaya wa Laski cewa ya ji kamar ya kusa taɓa tushen gyara na gaskiya. Ba za a iya cewa doka ce ta ɗaure masa hannu yana yi yana baƙin ciki ba. Da hannunsa ya rubuta cewa ya ji daɗi.

An yi wa Carrie Buck aikin a watan Oktoba 1927. Mutanen da aka yi wa irinsa a Amurka ƙarƙashin waɗannan dokoki sun haura 60,000. Ita ba ta bar kwalaye na wasiƙu ba, ba ta da wasiyyi, babu jami'ar da ta nemi kayanta. Shekaru da yawa bayan haka wani masanin tarihin shari'a, Paul Lombardo, ya bi sawun lamarin a ofisoshin gwamnati da rumbunan makarantu. Ya gano cewa cikin da ta yi na fyaɗe ne, wani ɗan uwan mutanen da suka riƙe ta ya yi mata, kuma lauyan da aka ba ta yana tare da masu son a tabbatar da dokar. Ta rayu har 1983, waɗanda suka zauna da ita sun shaida mace ce mai cikakken hankali. A 2002 gwamnan Virginia ya nemi gafara a madadin jihar.

Jaririyar, Vivian, wadda hukuncin ya ƙirga a matsayin zuriya ta uku, ta shiga firamare a Charlottesville. Ta rasu a 1932 tana da shekara takwas. Takardun sakamakonta sun tsira a rumbun makarantar. Sun nuna yarinya ce mai matsakaicin ƙoƙari kamar sauran yara, ta fi kyau a ladabi, kuma a watan Afrilu 1931 sunanta ya shiga jerin ɗaliban da aka yaba wa. A lokacin Holmes yana da shekara 90, yana kan kujerarsa a Washington.